Idanun 'Yar Bilal

Asabar, 22 ga Mayu 1999, bayan la'asar

Asma'u ta sauka lafiya da hantsi. Mace aka samu. Ƙanina Bilal yana Abuja da dilolin shaddarsa, wai duk wanda ya ci zaɓe sai ya ɗinka sabuwar babbar riga kafin sojoji su miƙa mulki Asabar mai zuwa. Ya bi kasuwa ya bar mu da naƙudar matarsa. An same shi ta waya, ya ce yana nan tafe kafin suna.

Mahaifiyarmu Hajiya ce za ta yi wa Asma'u wankan jego a nan gidanmu na Ƙofar Mazugal, tunda mahaifiyarta ta rasu. Hajo ungozoma ta yanke cibi, ta wanke yarinyar, ta miƙo mini. "Gwaggo, karɓi 'yarki." Ni da na yi shekaru a gidan miji ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, sai ga jaririya a hannuna. Ta buɗe ido ta yamutsa fuska, kamar an tashe ta daga wani muhimmin aiki. Idon Bilal ne sak, manya, baƙaƙe.

Asma'u ta juya fuska bango. 'Yar fari ce, ga uwar miji a ɗaki, ko kallonta ba za ta yi ba a gaban mutane. Hajiya ta ji daɗi, ta ce, "Yarinya mai kunya. An san gidan da ta fito."

Lahadi, 23 ga Mayu, magariba

Zafi. 'Yan barka sun cika gida. Ban samu ɗaukarta ba yau.

Litinin, 24 ga Mayu, azahar, a ɗakin gwaji

Mutanen gida sun san ina "binciken jini" a jami'a, na bar su a haka. Wa zai ce wa Hajiya 'yarta wuni take tana kiwon ƙwayar ciwon sanyi, wanda ake ɗauka ta wurin kwanciya?

Kiwo kuwa na gaske. Ban taɓa ganin halitta mai shagwaɓa irinta ba. Ba ta cin abinci sai wanda aka haɗa da jinin tunkiya aka ɗumama har ya koma kalar cakulan. Ba ta son iska da yawa, sai na jera farantanta a cikin babban gwangwanin madara, na kunna guntun kyandir a ciki, na rufe har ya mutu da kansa. Sanyi kaɗan ya kashe ta. Idan na karɓo samfur daga asibiti, a cikin rigata nake sa kwalbar, jikin fatata, har in iso.

Tambayar da malamina Dakta Tanko ya ɗora ni a kai ita ce: ta yaya abu mai rauni haka yake riƙe mutum, fitsari ya bi ta kansa bai tafi da shi ba? Amsar gashi ce. Tana da wasu siraran gashi da madubinmu na duba ƙananan halittu bai isa ya nuna su ba, amma ana ganin aikinsu. Nakan kankaro cikin kuncina da tsinke in samu sel, wato ƙananan tubalan da aka gina jiki da su. In haɗa su da ƙwayoyin, in bar su cikin ɗumi, in wanke, in sake wankewa, in zuba rini, in leƙa. Masu gashi suna nan maƙale kamar ƙarangiya a gefen zane. Marasa gashi ruwa ya tafi da su.

Matsalar ita ce in sun daɗe a faranti ana ta sauya musu gida, sai su zubar da gashin su zama malalata. Shi ya sa kullum Dakta yake cewa, "Malama Mabruka, sabo muke so, wanda ya fito daga jikin mutum yau."

Talata, 25 ga Mayu, bayan isha'i

An yi ƙauri, gida duk ƙamshin yaji. Hajo ta ce jaririya tana ɗan kwantsa, an ɗiga mata nono an sa mata kwalli. Na leƙa ɗakin, duhu, an naɗe ta tana barci. Na gaji, na ce sai da safe.

Laraba, 26 ga Mayu, hantsi, a ɗakin gwaji

Na buɗe tawul ɗin da sassafe kafin in fita. Idanun sun kumbura, sun rufe ruf, jawur. Abin da ke fitowa ba kwantsa ba ne. Mugunya ce mai kauri, in an goge sai ta sake tarowa kafin a ajiye tsumman.

Akwai tsinken auduga a jakata. Na ɗiba, na sa a kwalba, na sa kwalbar a cikin rigata kamar kullum. Sai da na shiga bas na ji ta a jikin fatata, sannan na gane abin da na ɗauko.

Na shuka rabi a faranti, sauran na shafa a gilashi, na rina, na leƙa. Ina ta addu'ar in ga wani abu daban. Ga su nan bibbiyu, suna fuskantar juna kamar ƙwayar wake da aka raba, jajaye, sun cika ko'ina. Ko a mafarki na gan su zan gane su.

Jariri a hanyar fitowa yake ɗauka. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Na wanke hannu. Zan koma gida.

Laraba, bayan magariba, a asibiti

Hajiya ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki. "Ba a fita da jariri kafin suna. A gidan nan ba a taɓa yi ba, tun kakanki da ya zo daga Gadamus. Ku duka da nono da kwalli aka wanke muku ido."

Na ce, "Hajiya, wannan ba irin wancan ba ne. Yana cin ido, kuma ba ya jira."

"Asabar ɗin saura kwana nawa?"

"In muka jira Asabar, makauniya za a raɗa wa suna."

Ban taɓa yi wa mahaifiyata magana haka ba. Hajo ta ce a'uzubillahi ta kama haɓa. Sai Asma'u ta sauko daga gado a hankali, ta ɗauki mayafinta, ta miƙo mini tawul fuskarta na kallon bango. "Yaya, ga tawul ɗinta." Hajiya ta dube ta, ta dube ni, ta matsa daga bakin ƙofa.

Allah Ya sa Sa'ida ce likitar da ke bakin aiki, wadda muka yi makaranta tare. Da ta ɗaga fatar idon sai da mugunya ta yi tsartuwa. Ta haska ta daɗe tana dubawa. Ta ce na dama da sauƙi, na hagu ya fara taɓuwa. Ta tambayi yaushe ya fara.

Ina shirin cewa jiya, sai Asma'u ta ce, "Litinin."

Na juya na dube ta.

"Na gani tun Litinin, in ina ba ta nono ba kowa a ɗaki. Na kasa faɗa, Yaya. Za a ce ina zaƙewa a kan 'yar fari."

Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan yi wa faɗa. Ita da aka koya wa kunya ta kuma iya? Hajiya da ta yaba mata? Ni da na leƙa jiya na ce sai da safe? An yi wa yarinyar allura a cinya. Kukanta ma ƙarami ne. An ce a riƙa wanke idon da ruwan gishiri ba ƙaƙƙautawa har mugunyar ta tsaya. Na ce ni zan yi.

Alhamis, 27 ga Mayu, da safe

An yi wa Asma'u tata allurar. Ba ta tambayi ta mece ce ba. Bayan nas ta fita ta ce, "Tun cikin yana wata shida nake fama da mara. Aka ce na masu ciki ne, aka ba ni sassaƙe."

Na ce, "Zai wuce yanzu, in sha Allahu."

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Shi ma za a yi masa?"

"Za a yi."

Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Na san abin da wannan ƙwayar take yi wa mace in aka bar ta ta hau sama. Na sani, kuma ba a littafi kaɗai ba.

Alhamis, la'asar

Hajiya ta iso da fulas-fulas na ruwan zafi da bokiti da damin ganyen darbejiya, wai mai jego ba za ta rasa wanka ba ko a gidan yari take. Nas ta hana, Hajiya ta ce mata, "Ke 'yar nan, waye ubanki a garin nan?" Aka yi wankan a bayan ɗaki. Ban yi dariya ba tun Talata sai yau.

Ba ta yi mini magana ba. Amma ta ajiye mini kwanon kunun kanwa kusa da ƙafata.

Juma'a, 28 ga Mayu, hantsi

Mugunya ta ragu. Idanun a rufe.

Na leƙa ɗakin gwaji don in duba gwangwanina. Abin da na shuka ranar Laraba ya tsiro, ƙanana masu sheƙi, irin masu gashi. Na gwada su da sel ɗin kuncina. Na wanke, na wanke, na ƙara wankewa. Ko gezau. Dakta Tanko ya leƙa madubin ya ɗago yana murna kamar an yi masa bushara.

"Malama, daga ina wannan?"

"Ɓangaren yara."

"Ban taɓa ganin mai riƙo irinsa ba. Ki kula da shi, shi zai kai ki ƙarshen digirinki."

Na ce to. Na wanke hannu har sai da fatar ta yi fari.

Juma'a, bayan magariba

An sallame mu saboda suna, da sharaɗin mu riƙa dawowa. Bilal ya iso da tsaraba da rago. Ya rungumi 'yarsa yana cewa me ya sami idonta. Hajiya ta ce ciwon ido ne na jarirai. Ya dube ni, na sunkuya ina matse auduga.

Ni na goya yaron nan. Ni na kai shi makarantar allo ranar farko, yana riƙe da gefen zanena yana kuka.

Asabar, 29 ga Mayu, la'asar

An raɗa suna da safe: Khadijat, sunan Hajiya. Ba mai iya kiran sunan a gidan nan, don haka Uwa za a riƙa ce mata. Maza a zaure sun kewaye rediyo suna jin rantsuwa daga Abuja, nama na soyuwa, kowa na faɗin abin da farar hula za su gyara. Wani ya ce wuta, wani ya ce mai. Mata suka laƙaba wa yarinyar 'Yar Farar Hula.

Duk wadda ta karɓe ta sai ta ce, "Barci take?" Ni kuma in ce, "Barci take." Asma'u na zaune cikin kwalliya, kanta a ƙasa, ana ta yabon kunyarta. Na lura duk hannun da yarinyar ta koma, kunnen Asma'u na can.

Lahadi, 30 ga Mayu

Na dama ya ɗan buɗe. Kamar tsagin wuƙa.

Talata, 1 ga Yuni, azahar

Na ce wa Bilal ya kai ni makaranta a motarsa, ya taya ni ɗaukar kaya. Duk hanya yana ba ni labarin Abuja. Na yi ta juya maganar a bakina, na rasa ta inda yaya mace take fara irin wannan da ƙaninta. Da muka shiga na zaunar da shi gaban madubi, na ce ya rufe ido ɗaya ya leƙa.

"Me ka gani?"

"Wani abu kamar ƙwai da aka soya. Da ɗige-ɗige a jikinsa."

"Babban daga kuncina yake. Ɗige-ɗigen kuma daga idon Uwa na ɗebo su. Na wanke su ya fi a ƙirga, sun ƙi saki."

Ya yi dariya kaɗan. "To ina ta samo su, ita da ko ƙofar gida ba ta sani ba?"

"A wurin uwarta, ranar haihuwa."

"Ita kuma Asma'u..."

Bai ƙarasa ba. Ya bar idonsa a kan madubin, amma na san ya daina gani. Na ga bayan wuyansa ya jiƙe. Gani ya kori ji.

Da ya yi magana, muryarsa ta koma ta yaron nan mai riƙe zanena. "Na sha kafso, Yaya. A kemis. Ya ɗauke tun tuni, wallahi na zaci ya tafi."

Na ce, "Ba ya tafiya haka. Tashi mu je wurin Sa'ida."

Ban tambaye shi ina ba, ban tambaye shi wace ce ba. Ba na so in sani. Ya miƙa wa nas jikinsa ba musu. A hanyar dawowa ya tsayar da mota a gindin Goron Dutse, ya kifa kai a sitiyari. Ya ce, "Za ta gani?" Na ce ban sani ba. Na so in bar shi da kukansa, ya ɗanɗana. Sai na ga hannuna a kan kafaɗarsa.

Alhamis, 3 ga Yuni, da safe

Duka biyun sun buɗe. Na dama garau. Na hagu akwai ɗan fari a gefen baƙin. Sa'ida ta ce hakiya ce, tabon inda ƙwayar ta fara ci. Ba a kan tsakiya take ba, amma ba za a san iyakar ɓarnar ba sai yarinyar ta fara bin abu da ido. Sai jira.

Asabar, 5 ga Yuni

An yi ruwan farko. Ban ji ƙamshin ƙasa ba sai da Hajo ta faɗa.

Litinin, 7 ga Yuni, bayan la'asar

Na tarar da Hajiya a ɗakinta da tandun kwallin kakarmu a hannu, wanda aka zo da shi ta Sahara. Tana jujjuya shi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mabruka, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Kwallina ne?"

Kwana da kwanaki ke nan tana ɗauke da wannan, ba ta faɗa wa kowa ba. Da na ce eh, da magana ta mutu a nan, kowa ya huta, ita kuma ta tafi kabari da shi.

Na ce, "Ba kwallinki ba ne, Hajiya. Ko kusa."

"To mene ne?"

Na sunkuyar da kai. Ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta juya ta dubi sashen Bilal ta taga, shi ma ta daɗe. Ta mayar da tandun cikin kwalla ta rufe. Ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ba ta sake tambaya ba. Da dare ba ta aika masa da tuwo ba.

Alhamis, 10 ga Yuni

Bilal ya daina zaman majalisa. Daga kasuwa sai gida. Yakan tsaya a bakin ƙofar ɗakin jego ya yi sallama, Asma'u ta amsa a taƙaice. Abin da ke tsakaninsu nasu ne. Yau ya ajiye mini alkaki a ƙofar ɗaki. Na ci, amma ban huce ba tukuna.

Litinin, 14 ga Yuni, azahar, a ɗakin gwaji

Don a riƙe masu gashi, sai an riƙa tsinto ƙananan nan masu sheƙi ana sauya musu faranti kullum. Ni kuwa tun makon jiya manyan, marasa gashi, nake tsinta da gangan. Yau na gwada: wanki ɗaya, sel ɗin kuncina suka fito fes. Sun saki.

Dakta Tanko ya leƙa, ya cire tabarau. "Malama, wannan ba kuskurenki ba ne irin na kullum."

Na ce, "A'a, Dakta."

Ya dube ni kamar zai tambaya, sai ya fasa. Ya ce wani zai zo, ciwon bai ƙare a gari ba. Na zuba farantan a tukunyar turiri mai kashe ƙwayoyi na ɗaure murfin. Guntun kyandir ɗin da ya rage a gwangwani na jefa a jaka, ban san dalili ba.

Laraba, 16 ga Yuni

Na kaɗa mata ɗankunnena a gaban fuska. Ba ta bi ba. Sa'ida ta ce da saura, kar in matsa.

Juma'a, 18 ga Yuni

Ba ta bi ba.

Lahadi, 20 ga Yuni, bayan magariba

Farar hula ba su kawo wutar ba tukuna. Muna ɗakin jego ni da Hajiya da Hajo da wasu maƙwabta biyu, fitilar ƙwai ta ƙare da mai. Na tuna da guntun kyandir ɗin, na laluba jaka na kunna. Uwa na kan cinyar Hajiya, idonta biyu. Na wuce da kyandir ɗin zan ɗora a kan kwalla, sai Hajo ta ce, "Tsaya. Dawo da shi."

Na dawo da shi a hankali. Kan yarinyar ya biyo. Na kai dama, ta bi. Na tare mata idon dama da tafin hannuna, na kai wutar hagu. Ta tsaya. Ta yamutsa fuska irin ta ranar farko. Sannan idon nan mai hakiya ya juya, ya nemi wutar, ya same ta.

Ban san lokacin da Asma'u ta sauko daga gado ba. A gaban uwar mijinta, a gaban baƙi, ta durƙusa ta ɗauke yarinyar daga cinyar Hajiya, ta ɗaga ta daidai fuskarta. Ta kalle ta. Kallon da ta yi wata guda tana ɓoyewa, duk ta yi shi a nan.

"Hajiya, tana ganina," ta ce. "Ni take kallo."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta ja numfashi, ta ce, "Oh, 'yan zamani. 'Yar fari fa?"

Hajiya ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Ku ƙyale ta. Mabruka, matso musu da wutar."